Ma'aikatan jin daɗin jama'a: har yaushe za mu riƙa biya daga aljihunmu?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata tara ina aiki a ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarmu, amma a makon nan tura ta kai bango, shi ya sa na ce bari in kawo muku. Ranar Litinin wata tsohuwa ta shigo da jikarta 'yar shekara goma sha ɗaya, wani maƙwabcinsu ya lalata ta. Ofishinmu ba mota, kuɗin gudanarwa kuwa rabonmu da ganinsu har na manta. Ni na ɗauki shatar adaidaita zuwa asibiti, ni na yanki kati, ni na biya kuɗin zuwa caji ofis da dawowa, na saya musu abinci don tun safe ba su sa komai a ciki ba. Da na zauna na yi lissafi, dubu goma sha huɗu sun tafi daga albashina. Ranar Alhamis sai ga kawun yarinyar da dattawa biyu, suka ce, "Hajiya mun gode Allah ya saka, an zauna a gida an yi sulhu, a rufa wa yarinya asiri." Kakar tana gefe kanta a sunkuye, ko kallona ba ta yi ba. Tambayata biyu ce. Ku ma haka kuke cire kuɗinku kuna yi wa gwamnati aiki? Sannan idan dangi suka janye irin haka, me kuke yi?

Ummi_K:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Anti. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi.

Nas_Hauwa:
Kafin a shiga maganar kuɗi, Anti, an ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau? Cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce haka ba ya amfani. Mutane da yawa sai sun yi kwana huɗu suna shawara a gida kafin su zo mana. Ga waɗanda ke Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna kuma akwai cibiyoyin Salama, don irin wannan matsalar aka buɗe su.

Maman_Sadiq:
An ba ta, Sista. A rana ta biyu aka kawo ta. Wannan kaɗai ne abin da ke ɗan kwantar min da hankali. Mu dai muna nesa da birni, babu irin wannan cibiyar a kusa da mu.

Lauya_A:
Hajiya, a fuskar doka maganar kawun nan ba ta da gindi. Fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, ba bashi ba ne da dangi za su ce sun yafe. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, jihar Kaduna ta yi tata a 2018, Kano ta sa hannu a tata a 2023. Kaduna ma a 2020 ta ƙara tsananta hukuncin fyaɗe har da dandaƙa. Takarda dai ba ta rage komai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Kotun majistare ba ta da hurumin yanke irin wannan shari'a, sai a tsare mutum a jira shawarar ma'aikatar shari'a, kafin a kai babbar kotu an ɗebi watanni. A cikin watannin nan ake zagayawa a lallashi iyaye. Ranar zaman kotu sai ka waiga ka ga ba yarinya, ba uwa, ba kaka. Alƙali kuma ba zai ɗaure mutum da labarin da ma'aikaciya ta ji a ofis ba. Don haka ki riƙe rahoton likita da kyau, ki yi kwafi, ki rubuta wa shugabanki a takarda cewa dangi sun zo sun nemi a janye, da rana da sunayen waɗanda suka zo.

Baba_MaiRitaya:
'Yata, shekara talatin da biyar na yi a wannan aiki kafin na ajiye, kuma zan gaya miki gaskiya, ba na jin akwai watan da ya wuce ban sa hannu a aljihu ba. A zamaninmu an ba mu babur, ana ba mu ɗan kuɗin mai, amma kuɗin man bai taɓa kai ƙarshen wata ba. Abin da na koya a makare shi ne ware abin da zan iya bayarwa tun ranar albashi. Ina sa shi a ambulan daban a aljihun tebur. In ya ƙare ya ƙare, sai in tashi in je wurin masu hali na gari, mai chemist, shugaban 'yan kasuwa, limamin Juma'a, in ce ga yaro ga buƙata. Da farko ina jin nauyi, kamar ina bara da rigar gwamnati. Daga baya na gane mutanen gari suna son a tambaye su, in dai sun san kuɗin ba cikinka za su shiga ba. Akwai wani direban tasha, Allah ya ji ƙansa, shekara da shekaru yana ɗaukar min yaran da suka ɓata ya mayar da su garuruwansu bai taɓa karɓar kwabo ba.
Game da dattawan nan kuwa, kada ki yi faɗa da su a gaban jama'a. Dattijo in kika kunyata shi a bainar mutane, ko ya san ke ce da gaskiya ba zai sauko ba. Ki koma wajen kakar ita kaɗai. Wadda ta ɗauko yarinya ta tako har ofis, zuciyarta ba ta tare da sulhun nan.

Sani_Dogo:
Baba da girmanka, amma ni ban yarda da wannan tsarin ba. Duk ranar da ma'aikaci ya biya daga aljihunsa, ya rufa wa gwamnati asiri ne. Oga zai ga aiki na tafiya, to don me zai saki kuɗi? Ni na daina tun bara. In ba mota, in rubuta "ba mota" a fayil in sa hannu. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar mai a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi an mayar da shi 70,000, shi ma ba kowace ƙaramar hukuma ta fara biya a kan lokaci ba. Da me za mu ci da iyalanmu, da me za mu yi wa hukuma sadaka?

Maman_Sadiq:
Malam Sani, na ji maganarka kuma ban ce ƙarya ba ce. Amma yarinyar tana zaune a kan benci a gabana, tana rawar jiki, agogo kuma yana tafiya kamar yadda Sista ta faɗa. In rubuta "ba mota" in ce su koma gida? Hannuna ba zai iya rubuta wannan ba.

Sani_Dogo:
Irin wannan na gaggawa ni ma zan biya, Hajiya, ba dutse ne a ƙirjina ba. Ina magana ne a kan zirga-zirgar yau da gobe, ziyarar gida, bin fayil a kotu, sayen takarda da biro. Wata rana har kwan fitilar ofis mu muka haɗa kuɗi muka saya.

Ɗan_MaiUnguwa:
Ina bin zaren nan tun ɗazu, na ga kamar ana neman a ɗora wa masu unguwanni laifi. Mahaifina mai unguwa ne, a zaurensa na tashi. Rikicin aure, na gado, na iyakar gona, na maƙwabta a kan kwata, in da duk kotu za a kai su da kotu ta rushe. Sulhu alheri ne, Alƙur'ani ma ya faɗa. Kuma ku sani iyayen nan ba mugunta ce ke sa su janyewa ba. Tsoro suke kada yarinya ta rasa mijin aure, a riƙa nuna ta da baki a gidan biki.

Lauya_A:
Malam, ba wanda ya ƙi sulhu a inda sulhu ya dace. Rabin aikin ofishin jin daɗin jama'a ma sulhu ne: miji ya ƙi ciyarwa, rigimar riƙon 'ya'ya bayan saki, yaro ya gudu daga gida. Ayar da ka kawo ma a kan saɓanin miji da mata ta sauka. Amma a nan wa aka sulhunta da wa? Kawu ya sasanta da maƙwabci, yarinyar ba a tambaye ta ba, kuma gobe za ta fito ɗibar ruwa ta gan shi a bakin layi. Akwai kuma sauran yaran unguwar.

Ɗan_MaiUnguwa:
A kan wannan ban ja da ke ba. Mahaifina ma irin wannan ba ya zama a kansa, kai tsaye yake turawa gaba. Na dai so a bambance.

Falmata_MDG:
Ni a ƙungiyar agaji nake a Maiduguri, ba a gwamnati ba, kuma tamu matsalar ta sha bamban. Mota akwai, mai akwai, amma kwangilarmu ta wata shida ce ko shekara ɗaya. Ki fara aiki da mace wadda ta fito daga daji da goyo, ki yi wata huɗu kafin ta yarda ta buɗe baki ta gaya miki abin da ya same ta, sai a ce kuɗin shirin sun ƙare. Ki je ki ce mata me? Da aka rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri daga 2021, irin su Bakassi, mutanen da muke bi suka warwatsu, wasu suka koma ƙananan hukumominsu, wasu suka shige unguwanni, lambar wayar da muke da ita ba ta shiga. Sannan ambaliyar Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ni kaina ruwa ya ci gidanmu. Da safe ina rajistar waɗanda suka rasa matsuguni, da dare ni ma ina kwana a gidan 'yar'uwata da 'ya'yana uku a ɗaki ɗaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne rahoto. Kowane wata lamba ake so, mutum nawa kika gani. Wanda kika zauna da shi awa uku da wanda kika miƙa wa sabulu, duk ɗaya-ɗaya ne a takarda.

Abba_Jos:
Amma dai ku 'yan ƙungiyoyi ana biyanku da kyau, ba kamar su Maman Sadiq ba.

Falmata_MDG:
Manya na ofis, eh. Waɗanda ke shiga unguwa da ƙafa yawancinsu 'yan sa-kai ake kiransu, ɗan alawus ake ba su, ba fansho, ba inshorar lafiya. Kuma tun farkon 2025 da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje, abokan aikina da dama suna zaune a gida.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Wurinmu ma kanwar ja ce. Ni a jihar Damagaram nike aiki, wajen Kantche. Kun san nan ne mata ke kwasar yara su tafi bara Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Duk da haka tafiyar ba ta tsaya ba. Ana maido su cikin manyan motoci, mu tarbe su, mu rubuta suna, mu kai yaro garinsu, mu roƙi mushe, wato malamin makaranta, ya karɓe shi a lakwal. Bayan wata uku ka koma ka tarar babu shi, uwar ta sake ɗaukarsa ko ta ba wata aronsa. In ka yi magana ta ce maka, "Malam, gona ba ta ba da komai ba, kai za ka ba mu hatsi?" Ni kuma daga ni sai littafi da biro. Ban da amsar da zan ba ta. Jikka biyu ko uku da nike badawa ba su kai mako.

Baba_MaiRitaya:
Malam Issoufou, ka taɓo inda yake min ciwo. Ana aiko mu mu gyara abin da yunwa ta ɓata, a ba mu fom.

Hajara_Zazzau:
Wannan ya tuna min da 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka yi shawarar mayar da almajirai jihohinsu. Ina cikin waɗanda suka karɓi yara a jiharmu. Wani yaron bai wuce shekara shida ba, ka tambaye shi garinsu ya ce "gidanmu kusa da rijiya." Sunan uba bai sani ba sai "Baba." Mun yi kwanaki muna bin dagatai da hoto a waya. Da muka sami gidan wani, uban bai yi murna ba, cewa ya yi wa ya ce mu dawo masa da shi. Ban ga laifin karatun allo ba, ni ma na yi shi. Amma ranar na gane mayar da yaro gida ba shi ne ƙarshen aiki ba, mu kuma daga nan aka ce mu rufe fayil.

Ummi_K:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Shekarata biyu kawai a aiki. Ya kuke yi ku yi barci? Akwai wata jaririya da aka tsinta a kwali bara, ni na kai ta gidan marayu, har yau in na rufe ido ina jin kukanta. A gida in na fara labari sai maigida ya ce in bar aikin ofis a ofis. Kuma sirrin mutane ne, ba zan iya zama da ƙawaye in zuba ba.

Nas_Hauwa:
Ƙanwata, abin da kike ji ba rauni ba ne, yana samun duk mai aiki da mutanen da ke cikin tashin hankali, mu ma a asibiti muna fama da shi. Ki sami babba ɗaya a cikin aikin wadda za ki riƙa zama da ita ko sau ɗaya a wata, ba sai kin ambaci sunan kowa ba. In rashin barcin ya ɗore, ko kika ga kina fushi da yaranki ba dalili, ki ga likita. Ba hauka ba ne.

Hajara_Zazzau:
Ummi ki turo min saƙo ta gefe. Mu huɗu muke haɗuwa duk ƙarshen wata a gidan ɗaya daga cikinmu, ki zo.

Garba_Gusau:
Ba wanda ya yi maganar tsaro. Mu nan akwai ƙauyukan da ke cikin fayil ɗina da rabona da su ya fi shekara biyu, hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Marayu da zawarawa sun fi yawa a can, can ɗin ne kuma ba mu iya zuwa. A cikin gari ma ba tsira muka yi ba. Na taɓa karɓo wata mata da mijinta ya karya mata hannu, da dare sai ga shi a ƙofar gidana da abokansa biyu, wai na shiga tsakaninsa da iyalinsa. Maƙwabta ne suka fito. Ɗan sanda yana da kaki da bindiga, alƙali yana da masu gadi, ni kowa ya san gidana da makarantar da 'ya'yana ke zuwa. Maman Sadiq, in za ki koma gidan nan kada ki je ke kaɗai.

Abba_Jos:
Wai ba an yi dokar kafa majalisar ma'aikatan nan ba? Na ji kamar an ce Buhari ya ƙi sa hannu.

Lauya_A:
Ya ƙi a karon farko, daga baya aka gyara aka sake kai masa, ya sa hannu a ƙarshen 2022. Dokar ta shafi rajista ne da tantance wanda ya cancanci a kira shi ma'aikacin wannan fanni. Ba ita za ta zuba mai a babur ba, wannan maganar kasafin jiha da ƙaramar hukuma ce.

Sani_Dogo:
Tantancewar ma muna buƙatarta. A wasu ofisoshin duk wanda aka rasa inda za a kai shi sai a turo shi sashenmu, bai taɓa koyon yadda ake yi wa yaro tambaya ba. Na ga wanda ya titsiye yarinya da tambayoyi a gaban mutum takwas, har da masinja. Daga ranar ba ta sake cewa uffan ba.

Admin_Zaure:
Jama'a an yi nisa. Duk abin da aka kawo mai muhimmanci ne, amma Hajiya ta yi tambaya a kan yarinyar da ke hannunta yanzu. Mai shawara a kan wannan ya taimaka. A kuma kiyaye, kada a ambaci sunan gari ko unguwa.

Hajara_Zazzau:
To ga tawa. Ki nemi mace mai faɗa a ji a unguwar, ungozoma ko malamar Islamiyya, ku je wajen kakar tare da rana lokacin da maza ba sa gida. Kada ki fara da maganar kotu. Ki fara da lafiyar yarinya, maganin nan kwana 28 ake shan sa, kuma akwai gwajin da za a maimaita daga baya. Wannan ƙofa ce da ba wanda zai rufe miki. In kina shiga kina fita saboda magani, za ki san halin da take ciki, ko an ɗauke ta an kai ƙauye, ko ana shirin aurar da ita.

Ɗan_MaiUnguwa:
In dattawan unguwa ne suka yi sulhun, ki haura sama. Ki je wajen hakimi da takarda daga ofishinku. Dagaci ko mai unguwa in ya ji maganar ta kai gaban hakimi, zai janye hannunsa.

Sani_Dogo:
Kuma ki rubuta dubu goma sha huɗun nan dalla-dalla ki kai wa oga ya sa hannu, ko ba za a biya ba. A bar shi a fayil.

Maman_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗazu bayan la'asar kakar ta kira ni da wayar maƙwabciyarta. Ta ce ba da son ranta ba ne, ɗanta ne ke ciyar da gidan, ba ta isa ta ja da shi ba. Ta ce yarinyar ba ta cin abinci sosai, maganin yana sa ta tashin zuciya. Na ce kada ta daina ba ta. Gobe in Allah ya kai mu zan je tare da ungozomar unguwar, kuma na riga na rubuta wa shugabana takarda kamar yadda Barista ta ce. Maganar hakimi sai ya amince tukuna, ba zan tsallake shi ba. Baba, ambulan ɗin nan zan gwada shi daga wannan albashin. Malam Sani, lissafin ma na rubuta. Sista Hauwa, tashin zuciyar nan akwai abin da za a ba ta, ko sai na mayar da ita asibiti?

Nas_Hauwa:
Ta riƙa sha bayan ta ci wani abu, ko kunu ne. In tana amayar da ƙwayar ko ta kasa riƙe ruwa, a dawo da ita gobe-goben, kada a jira. Ki duba min katin ki gaya min ranar da aka rubuta mata ta koma.